Fetirol ɗin da na kai Adjamé

To 'yan guruf, ku bar ni na huta haka nan. Tun da na dira Kano wayata ba ta yi shiru ba. Garba ya Abidjan, Garba ina tsaraba, Garba wai da gaske an kusa kama ka. Ba a kusa kama ni ba, kuma wanda ya ƙirƙiro wannan na san shi, za mu haɗu a lakca. Zan rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in turo masa wannan.

Ga waɗanda aka saka a guruf kwanan nan: furojet ɗina na ƙarshe a kan man fetur ne, makamashin da ba ya sabuntuwa. Wato in an haƙo an ƙona, shi ke nan, ba gero ba ne da za a sake shukawa. Malamin da ke duba ni ya ce kar in tsaya kwafe-kwafe, in fita in tambayi mutane ido da ido, in mai ya ƙare me za su yi. Sai ga hutu. Kawuna Alhaji Sani, ƙanin mamata, yana Abidjan yana shigo da fitilun sola ta jirgin ruwa, kuma ya daɗe yana cewa in zo. Na ce an gama, furojet ɗina ya zama na ƙasa da ƙasa.

Kano zuwa Legas ba labari ba ne, kun san shi, ƙafa ta kumbura, baya ya ƙage. A Legas na shiga babbar bas mai bin bakin teku, Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi mai fataucin atamfa. Kafin mu bar gari ta mai da ni ɗanta na cikinta. Riƙe min wannan jakar, buɗe min wannan ruwan, duba min wa ke kira. A boda ta farko aka ce kowa ya fito da katin rigakafin shawara. Ni da wayo na ɓoye nawa a ƙasan akwati don kar ya ɓata, akwatin kuma yana can cikin bas, ƙarƙashin dilolin Hajiya. Sai da aka sauke rabin kayan motar. Fasinjoji suka zage ni da yare kala-kala, na gane na Yarbanci kawai, sauran na karɓa da murmushi.

Muna shiga Benin na fara ganin wasu manyan kwalabe a jere bakin titi, ruwa ja-ja a ciki yana ƙyalli. Na ce, “Hajiya, lemo ne wannan?”

Ta ce, “Sha ka gani. Isansi ne, na gidanku ma, tsallakowa yake.”

Ashe fetur ne a kwalba, 'yan bumburutunsu ke nan. Na ɗauki hoto, sannan na gyara mata, na ce ai da Faransanci fetirol ake cewa, wayata ta faɗa min. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, “To, ɗan boko,” ta ci gaba da ɓare goronta.

Daga nan Togo, kafin ka gyara zama an fita. Gana aka koma Turanci har na samu bakin yin ciniki, sai kuma aka sake komawa Faransanci na koma kurma.

Tashar Adjamé ta Abidjan kuwa, baaba, ku haɗa Kwari da Sabon Gari da Yankura ku zuba musu barkono. Ƙananan bas da suke kira gbaka suna gudu, yaran mota na lilo a jikin ƙofa da hannu ɗaya kamar ba su da iyaye. Ina tsaye rungume da akwati sai wata yarinya mai gilashi da hijabi ta tsaya a gabana.

“Kai ne Garba?”

Na ce ni ne.

“Da kifi ko ba kifi?”

Wannan ita ce Balkisa, 'yar Kawu, taubashiyata, haihuwar can. Ashe a Abidjan garba sunan abinci ne, garin rogo da aka turara, acheke suke ce masa, da soyayyen kifi da albasa da attaruhu. 'Yan Nijar ne suka fi sayar da shi, sunan ya bi su. Wato duk zaman da na yi a garin, in an ƙwala min kira sai yara su waigo su ga ina kwanon yake. Amma gaskiya takwarana ya haɗu. Kamar dambu ne da ya je ƙasar waje ya dawo. Akwai kuma aloko, soyayyar ayaba, ita ce ta sa wandona ya daina shiga.

Gidan Kawu yana wajen Adjamé Mairie, hawa na biyu. Matarsa Tanti Hadiza, asalinsu Damagaram ne amma kakanta ma a can ya tsufa. A falo aka shimfiɗa min katifa, don ɗakin baƙi Balkisa ta mamaye shi, bango duk takardun lissafi har bayan ƙofa. Jarabawar BAK take shirin yi, ta gama sakandarensu, kuma a can ba wasa ba ce, gari gaba ɗaya numfashi yake riƙewa. Bara ta faɗi da kaɗan. Kawu ya ce bana ne na ƙarshe, in ta ci ta tafi karatun haɗa magunguna da take so, in ba ta ci ba ga shago nan yana jiran mai zama. Tun asuba take fita lesin, sai la'asar. Hausarta kuwa sai a hankali, kalma biyu Hausa, uku Faransanci, ɗaya ta yaren titi. Ita ta laƙaba min gawu, wato baƙauyen da ya shigo birni jiya. In ta so mutunci kuma ta ce kuzan, wato taubashi.

Kawu ya ɗauke ni zuwa Treichville, wajen tashar jiragen ruwa, zai duba kwantenarsa. Wani hali gare shi: da an shiga cunkoso sai ya kashe mota. A matsa taku biyu ya kunna, a tsaya ya kashe. Na baya na ta hon, shi ko a jikinsa.

Na ce, “Kawu, batir fa.”

Ya ce, “Batir ana caja shi. Isansi in ya ƙone wa zai caja min? Ba kai ne mai karatun ba?”

Na rubuta wannan a waya, don ya fi babin farko na furojet ɗina ma'ana.

A tashar na ga kwantenoni an gwama su kamar sabulu a kanti, ga tankokin mai layi guda, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi suna dafa shayi, rabinsu Hausa suke yi. Da za mu dawo muka tsaya gidan mai, na ce bari in gwada Faransancina. Na sauka na ce wa mai ba da man, “Fetirol.” Ya kalli motar, ya kalle ni, ya zaga baya ya dawo min da gora cike. Na sunsuna. Kananzir.

Kawu ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce a nan fetirol kananzir ne, na mota isansi, na manyan motoci gazuwal. Na tuna Hajiya Rabi da goronta, na nemi gafararta a raina. Amma da na kai ƙara wajen Balkisa ta ce a littafi ɗanyen mai fetirol ne sunansa, ban yi kuskure ba. Ta ma fassara min shafin tambayoyina, ta koya min jimla biyu: ni ɗalibi ne mai aiki a kan fetirol, da kuma fetirol zai ƙare. Na ce yauwa, ma'ana biyu gare shi, duk na riƙe. An wuce wajen.

Na kafa ofis a bencin ƙofar shagon Kawu a unguwar Bracodi. 'Yan kasuwa na fara tambaya. Wani tsoho ɗan Tawa ya ce in mai ya ƙare raƙuminsa na gida, shi bai ga matsala ba. Mai gyaran babur ya ce in ya ƙare a Abidjan zai je Najeriya ya sayo. Na ga ina buƙatar masu boko. Sai ga wani yaro cikin kakin makaranta, Isufu, ɗan mai shagon takalma na kusa da mu, shi ma BAK zai yi. Na sakar masa jimlata ta farko.

Ya tsaya cak. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya zauna ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa, ya rage murya.

“Fetirol? Kana da shi?”

“Cike da waya,” na ce.

“Na wane? Lissafi? Fizik?”

Na ce, “Ai fetirol ba abin da bai taɓa ba. Kimiyya, jogirafi, tattalin arziki, har tarihi.”

Ya haɗiye yawu. “Daga ina ya hito?”

“Najeriya mana. Mu ne gidansa.”

“Na gaskiya ne? Bara an ba yayana na ƙarya.”

Na ji haushi. Na ce, “Malamina ya duba da kansa, ya sa hannu. Balkisa ma ta karanta, ita ta fassara min.” Sannan na rufe da jimlata ta biyu, da Faransanci tsantsa, har da ɗaga yatsa: fetirol zai ƙare.

Yaron nan ya tashi da gudu.

Washegari na iske ɗalibai sun cika ƙofar shago, maza da kaki, mata da shuɗi da fari. Wannan ya kawo min lemo, wancan ya kawo min takwarana da kifi biyu. Suna ce min biye per, wato babban yaya. Kowa so yake in tura masa a waya. Ni kuma na ce a'a, sai an amsa tambayoyina tukuna, kuma a yi a hankali don abin nan ba ya sabuntuwa. Ina faɗar haka sai su ƙara turereniya. Kun tuna hoton da na ɗora ina cewa ɗaliban Kano ku zo ku koyi son ilimi? To ranar ce. Ku goge shi in kun ajiye.

Ranar Juma'a, saura asabar da lahadi a fara jarabawa, Kawu ya dawo daga masallaci bai ko cire babbar riga ba. Ya zauna a falo ya ce, “Abubakar.” Duk wanda ya san ni ya san in an kira wannan sunan to ba lafiya.

“Dattawa sun tare ni a masallaci. Zan tambaye ka, ka ji tsoron Allah. Ka shigo garin nan da fetirol?”

“Eh, Kawu. Ai shi ne ma ya kawo ni.”

Tanti ta ajiye tiren da ke hannunta.

“Mahaifiyarka ta sani?”

“Ita ta biya min kuɗin mota.”

Ya rufe ido. “Wa ka ba?”

“Ban ba kowa ba tukuna, suna ta roƙo dai. Balkisa ce kawai ta gani.”

“Ta karanta?”

“Tas. Har ta gyara min wasu wurare.”

Kawu bai ɗaga murya ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ya ce, “To ba za ta shiga jarabawar ba. Gara ta zauna a shago da hannunta mai tsabta. Kai kuma za ka bi motar farko.”

Ni fa har lokacin ina lissafin ko a ƙasar haramun ne mace ta karanta harkar mai. Ana haka Balkisa ta shigo da jakarta. Tanti ta faɗa mata da Faransanci. Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Hausarta ta gudu gaba ɗaya, ta dinga zuba Faransanci tana nuna ɗakin karatunta, tana nuna idonta, hawaye na bin gilashi. Shekara guda ba biki ba suna, ba barcin kirki. Kawu ya kau da kai yana jan carbi. Can ta tsaya, ta juyo kaina a hankali.

“Kuzan. Me ka ce ma yaran nan? Faɗi duka.”

Na faɗa. Cike da waya, daga Najeriya, malami ya sa hannu, zai ƙare.

Ta zame ta zauna a ƙasa, kuka da dariya suka haɗe mata. Ta ce, “Gawu. Wallahi gawu na ƙarshe. Fetirol a bakin 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, shi ne tambayoyin jarabawa da aka sato.”

Ekspo, jama'a. Kwana da kwanaki ina zaune a tsakiyar Bracodi, makon jarabawa, ina tallan ekspo da lasisin malamina, ina kuma gargaɗin cewa kaya sun kusa ƙarewa.

Na miƙa wa Kawu wayar. Ya sa tabarau ya duba, hoton rijiyar mai, hoton kwalaben Benin, hoton kansa yana kashe mota. Ya ajiye.

Ya ce, “Ni na yarda. Titi fa? Unguwa gaba ɗaya ta ji 'yar Alhaji Sani ta ga tambayoyi. Cikin masu tsaron jarabawa akwai 'yan unguwar nan. Ko an bar ta ta rubuta, in ta ci a ce sata ce. Tun ina saurayi nake tara sunan nan a Adjamé, kuma irin man nan naka ne, in ya ƙone ba a caja shi.”

Balkisa na goge gilashi da gefen hijabi. Ni kuwa ina ji kamar in shige ƙarƙashin katifata.

Tanti ce ta ce, “To ai ba wuya, Alhaji. Fetirol suke so, a ba su. Duka. A gaban kowa.”

Asabar da hantsi aka jera bencina a ƙofar shago. Isufu ya baza labari cewa yau za a saki kaya kyauta. Ɗalibai suka cika titi har masu gbaka na zagi. Kawu ya gayyato dattawan masallaci suka zauna a gaba da carbinsu, abin da ya ɗan rikita yaran, amma suka ce ƙila haka ake yi a Najeriya. Na hau kan kwalin fitilu, Balkisa a gefena tana fassara. Kowa ya fito da biro.

Na ce, “Shekaru miliyoyi da suka wuce, wasu ƙananan halittu suka mutu a ƙarƙashin teku.”

Ta fassara. Suka rubuta.

Na ce laka ta binne su, zafi da nauyin ƙasa suka dafa su a hankali har suka zama mai. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya wace takarda ce wannan. Balkisa ta ce ta saurara dai. Na ce abin da ƙasa ta yi wannan tsawon zamani tana dafawa, mu muna ƙone shi a cunkoson gadar Treichville kafin azahar, kuma ba wata tukunya a kan wuta da za mu jira. A nan birurruka suka fara tsayawa. Da na shiga bayanin rana da iska, layin baya ya fara zarewa. Wani dogo ya tambaya da ƙarfi, ina tambayoyin? Balkisa ta amshi wayata ta karanta musu tambayata ta farko da muryar malamai: in mai ya ƙare, me za ka yi?

Abin da suka ce min ba zan rubuta ba, akwai mata a guruf ɗin nan. Kalmar gawu dai na ji ta daga kowace kusurwa. Wanda ya kawo min kifi biyu ya tsaya ya kalle ni kawai, ya girgiza kai ya wuce. Kan ka ce me titi ya koma na masu gbaka. Dattawa kuwa dariya har da riƙe ciki, tsohon nan ɗan Tawa yana share hawaye da rawani. Ɗayansu ya dafa Kawu ya ce, “Alhaji, yafe mu. Wannan yaron ko amsar sallama aka ce ya sato ba zai iya ba.” Ban san yabo ne ko zagi ba, na dai ce na gode. Kafin su tashi biyu daga cikinsu sun sayi fitilar sola, wai tunda abin zai ƙare.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Isufu. Ya cika shafi huɗu, yana cewa shi ya gane, a dunƙule na ba su don kar dattawa su fahimta.

Litinin Kawu ya ce shi zai kai Balkisa wajen jarabawa da kansa, na shiga baya. Muna hawa babban titi muka faɗa cunkoso, irin wanda ba gaba ba baya. Na ga hannunsa ya tafi wajen makulli kamar kullum. Ya kalli agogo, ya kalli Balkisa tana motsa baki tana bita, ya janye hannun.

Na ce, “Kawu, isansi fa.”

Ya ce, “Yau dai a ƙona.”

Dawowata ba wani labari, sai dai katin shawara a aljihun gaba na sa shi, har barci da shi nake. Ina Kano sakamako ya fito. Saƙon murya biyu suka shigo min kusan tare. Na farko Isufu ne, ya ci da kyar, amma yana so in sani ko tambaya ɗaya ba ta fito daga fetirol ɗina ba, kuma kaya na ƙarya ba kyau. Na biyu Balkisa ce, ana ta guɗa a bayanta, muryarta ta dishe.

“Kuzan, na ci. Da hannuna. Baba ya ce ka dawo hutu mai zuwa, ɗakin baƙi ya zama naka. Amma ya ce kafin ka buɗe baki a Bracodi, ka fara faɗa min sunan furojet ɗin.”